Minimam ɗin Injiniya Hamajoɗa

A Limawa, cikin Jimeta, akwai wani dattijo da ake kira Hamajoɗa. Shekara talatin da biyar ya yi yana masinja a wani ofishin gwamnati, yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Da aka kawo kwamfuta ofishin, shi ne mai ɗaga ta in za a yi shara, shi ne mai mayar da ita in an gama. Daga nan ya raɗa wa kansa suna Injiniya. In ka kira shi Hamajoɗa zalla, sai ya kalli sama kamar mai neman hadari. Mutum ɗaya ce dokar ba ta hau kanta ba, yayarsa Adda. Ita Joɗa take ce masa, kuma da sauri yake amsawa.

Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tarkacen ofis, ya dawo gida ɗauke da kwamfuta a ka. Da can fara ce, amma ta koma kalar kunun gyaɗa. Allonta mai ƙatuwar ƙeya ne, sai mutum ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Shekara goma sha biyu ta yi tana buga takardun neman hutu, ba ta taɓa yin aikin da ya wuce wannan ba. Ya lulluɓe ta da zanen gado, ya ce ranarta na zuwa.

Ranar ta zo a shekarar da aka rufe gidajen kallon ƙwallo saboda tsoron bam. Maza suka rasa inda za su zauna su yi wa juna ihu. A daidai lokacin kuma mai hayar shagon ƙofar gida ya kwashe kayansa ya koma garinsu. Shagon na Adda ne, rabonta na gado, nan da nan kuwa mutum biyu suka zo nema.

Ta farko Rhoda ce, maƙwabciyarsu, matar Malam Othniel mai koyar da kwamfuta a wata sakandare. Mutanen Numan ne. Shekara shida tana ɗinki a gindin dogon yaron da ke gaban shagon. Ga damina ta sauka, da hadari ya taso sai ka gan ta rungume da kan keke tana gudu. Na biyu shi ne Injiniya.

Ya ce, "Adda, gwamnati ta hana kallon ƙwallo a talabijin. Ba ta hana buga ƙwallo a kwamfuta ba. Ni kaɗai na lura da wannan a duk Adamawa. Zan buɗe gidan wasa. Biyu su buga, saura su yi gardama. Kafin wata biyu sai an riƙa zuwa daga Girei, har daga Fufore."

Adda tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kifin da ka yi kiwo a bahon wanka ma haka ka ce."

"Ruwan ne ba shi da kyau."

"Kajin fa?"

"Adda, wannan fannina ne. Shekara nawa ina riƙe da kwamfuta?"

"Riƙewa kam ka riƙe." Ta kwance bakin zane ta ciro makulli. "Yau Litinin. Asabar bayan la'asar zan zo in zauna. In an buga wasa guda daga farko har ƙarshe a gaban jama'a, shago naka ne. In ba haka ba, Maman Nancy ta shigar da kekenta."

Maman Nancy ita ce Rhoda. Tana gindin bishiya ta ji komai, ta ci gaba da taka keke.

Hamajoɗa ya zura makullin a igiya ya rataya a wuya, a saman riga, don kowa ya gani.

Washegari ya nufi kasuwa ya sayo faifan wasan ƙwallo da hannun wasa guda biyu, irin masu maɓallai da ake riƙewa ana dannawa. Mai sayarwa ya ce, "Oga, wannan sabon fitowa ne o. Injinka yana da ƙarfi?"

"Injin gwamnati ne."

"To, na you sabi, kai ka sani."

A bayan kwalin faifan akwai ƙananan rubutu, layi biyu a jere. Hamajoɗa ya juya kwalin, ya sake juyawa, ya ce tabaraunsa ne ya tsufa, ya aika aka kira Malam Othniel. Mutumin ya zo, ya kunna kwamfutar, ya duba cikinta, ya duba kwali.

"Baffa Injiniya, ka ga layi biyun nan? Na hagu sunansa minimam, na dama rekomended. Injinka ya kai minimam, amma da ƙyar. Kamar fasinjan da ya maƙale a ƙofar mota, ƙafa ɗaya a waje."

"Ya kai ko bai kai ba?"

"Ya kai."

"To, magana ta ƙare."

"Da saura, Baffa. Minimam yana nufin wasan zai buɗe. Bai yi alkawarin zai yi gudu ba. In kana son 'yan wasa su ruga kamar mutane, a ga komai da kyau, sai injin ya kai rekomended."

Hamajoɗa ya gyara zaman hula. Ya jira har mutum uku da ke wucewa suka tsaya, sannan ya fara.

"Ticha, ni za ka koya wa minimam? Shekara talatin da biyar ina cin albashin minimam! Da shi na yi aure, da shi na yi suna bakwai. Duk ranar da aka ce za a taɓa minimam, ƙasar nan gaba ɗaya tsayawa take, a rufe ofisoshi, a yi yajin aiki. Ka taɓa jin an yi yajin aiki a kan rekomended? Rekomended na 'yan lele ne. In an zo ƙarin girma, wanda ke da kawu a sama shi ake rubuta wa rekomended. Bobboyi direba ya jefa motar ofis a rami sau biyu, sau uku ana rubuta masa rekomended. Ni ko sau ɗaya ba a rubuta mini ba. Na mutu?"

Daga gindin bishiya Rhoda ta ce, "Ba ka mutu ba, Baffa. Amma tun da na san ka ban taɓa ganin ka cikin keke napep ba. Kullum a ƙafa."

"Motsa jini nake yi!"

Bayan Othniel ya tafi, Hamajoɗa ya gaya wa mutanen da suka tsaya cewa ya gano wasan. Mijin abokiyar takara ne, me ake so ya ce? So yake ya karya masa gwiwa matarsa ta samu shago.

Ranar Laraba aka yi gwaji. Haladu mahauci ya ba da aron ƙaramin janaretansa da sharaɗin shi zai fara bugawa. Abokin karawarsa Abednego ne, mai keke napep. Shekara goma ke nan suna gardamar wa ya fi sanin ƙwallo, kuma ba wanda ya taɓa ganin ɗayansu ya taɓa ƙwallo da ƙafa.

Da hantsi aka kunna. Wani ɗan koren layi ya fito a allo ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama.

Hamajoɗa ya ce, "Shiri yake yi."

Haladu ya koma teburinsa, ya sayar da cinyar akuya guda, ya dawo. Abednego ya kai fasinja har cikin Yola ya dawo. Layin ya kai rabi. Sai bayan azahar fili ya bayyana, Hamajoɗa ya fito ƙofar shago ya ɗaga hannu biyu.

"Maman Nancy! A gaya wa Ticha ya buɗe!"

"Ai ya ce zai buɗe."

'Yan wasa suka fito fili, jajaye da farare, suna tafe kamar masu ɗauke da kwanon ruwa cike taf. Haladu ya ɗauki jajaye. Ƙwallo ta zo gaban ɗan wasansa, ya danna maɓallin bugu. Ɗan wasa ya tsaya. Ya sake dannawa, ɗan wasa yana tsaye. Haladu ya ajiye hannun wasa don ya sosa baya, a lokacin ɗan wasan ya tuna, ya buga.

Haladu ya ce, "Injiniya, wannan yaron a ofishinku ya yi aiki ko? Sai an sa masa hannu yake motsi."

Abednego ya ce, "Kai ne ba ka iya ba. Duba nawa."

Nasa ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ƙafar tana sama har aka gama gaisawa da wani baƙo da ya leƙo.

Sai akwatin kwamfutar ya fara gurnani kamar injin markaɗe da aka cusa wa masara da yawa. Wari ya tashi, irin na roba a wuta. Allo ya yi baƙi.

Abednego ya taɓa akwatin ya janye hannu. "Zafi ya yi masa yawa. Ko injin kekena bai taɓa yin haka ba."

Hamajoɗa ya ce, "Zafin Yola ne, ba laifin inji ba. Bature ya ƙera shi don ƙasar sanyi. Ni na san maganinsa."

Ya je wurin mai zoɓo ya karɓo dunƙulen ƙanƙara, ya naɗe a buhu, ya ɗora a kan akwatin. Aka sake kunnawa. Ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa ya bi gefen akwatin ya kwanta a tebur. Haladu ya dafa teburin zai gyara zama. Wuta ta ja shi, ya yi tsalle har ya bugi rufi da hula, ya ambaci sunan mahaifiyarsa da na kakarsa.

Abednego ya ce, "Yau kam an samu wanda ya yi sauri a shagon nan."

Aka sauke ƙanƙara, aka shanya akwatin a rana kamar barkono. Daga nan Hamajoɗa ya koma fifita shi da maficin da Haladu ke hura gawayin tsire da shi.

Ranar Alhamis Malam Othniel ya dawo daga makaranta ya tarar da dattijo a durƙushe, jiƙe da gumi, yana yi wa akwati fifita. Tausayi ya kama shi. Ya ajiye jaka ya shiga.

Rhoda ta ce, "Baban Nancy, kai wane gefe kake?"

"Bari mana. Tsoho ne."

"Ni kuma ruwan sama ƙanina ne ko?"

Othniel ya shiga cikin saitin wasan ya sauke komai ƙasa. Ya ce a gwada. Abin mamaki, 'yan wasa suka fara sassarfa. Ba gudu ba ne, amma in ka danna suna ji. Haladu ya kai hari, Abednego ya tare, aka yi ihu, mutane suka fara taruwa a ƙofa. Aka buga rabin lokaci cur, akwatin bai mutu ba. Rhoda ta daina taka keke, ta zuba wa mijinta ido, irin kallon da ke nufin za a yi magana a gida.

Da Hamajoɗa ya bar abin a haka, da labarin ya ƙare a nan. Amma ya ajiye mafici, ya zagayo ya kalli allo, ya ɗauko kwalin faifan ya kalla, ya sake kallon allo.

"Tsaya! Ina 'yan kallo?"

Wuraren zaman filin babu kowa.

"Ina ciyawa? Wannan ai tabarma ce aka shafa wa koren fenti. Kuma ina fuskokin yaran? Kai ne kawai kamar ƙwarya, ba ido ba hanci! Ticha, ka kore mini 'yan kallo, ka aske mini fili, ka goge wa 'yan wasana fuska!"

"Baffa, a minimam haka wasan yake. Yana tafiya, shi ke nan. Fuska da ciyawa da 'yan kallo kaya ne masu nauyi, injinka ba zai ɗauka ba. Hoton da ke kan kwali na rekomended ne."

"Wato su 'yan lele su ga fuska, ni a bar ni da ƙwarya."

Haladu ya ce, "Injiniya, a bar shi haka mana. Ni ƙwallo nake kallo, ba auren yaran zan yi ba."

"Yi shiru, kai nama ka sani. Adda za ta zo ta zauna, manyan unguwa za su zo, in nuna musu mutane marasa hanci? A ce wannan ne aikin Injiniya?" Ya karɓe linzamin kwamfutar daga hannun Othniel, ya bi duk abin da aka sauke ya tura shi sama har ƙarshe. 'Yan kallo suka dawo, ciyawa ta tsiro, fuskoki suka fito har da gemu. Kowa kuma ya tsaya cak a inda yake.

Othniel ya ɗauki jakarsa. "In dai haka kake so, sai ka ƙara ram. Biyu ne da kai, huɗu ake so. Shi ma ban ce zai isa ba."

"Na sani. Dama ina da niyya."

Bai sani ba. Bai taɓa jin kalmar ba, kuma ya gwammace wuta ta ja shi kamar Haladu da ya tambayi mijin Rhoda. Ya jira aka watse, ya ja Abednego bayan shago.

"Kai da ka yi makarantar mishan. Ina gwada ka ne. A Turanci, mene ne ram?"

"Ram? Rago ke nan."

"Rago dai na layya?"

"Shi. Tun aji biyu aka koya mana."

Sai murmushi ya fara bazuwa a fuskar Hamajoɗa. Komai ya fito fili. A ofishinsu fayil kan kwanta wata shida a tebur, ƙura ta rufe shi. Ranar da mai fayil ya kai rago gidan darakta, washegari fayil ɗin zai miƙe, ya bi tebur bakwai kafin azahar. Shi da kansa ya sha jan ragunan. To, wannan kwamfuta a ina ta girma? A cikin wannan ofishin. Ta ga yadda ake yi. Ashe duk jan ƙafar nan ba rashin ƙarfi ba ne, jiran ganin rago take. Ticha ya ce an riga an ba ta biyu, saura biyu. Ga shi kuwa Adda na da raguna biyu cif a bayan gida, tana kiwo.

Ya ce wa Abednego, "Ka ci jarrabawa. Je ka."

Ranar Asabar da safe Adda ta tafi suna unguwar Alkalawa, ta ce daga can za ta wuto shago. Hamajoɗa ya shiga bayan gida. Ragunan nan kowanne da turkensa, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, da katangar zana a tsakani. Bai tambayi kansa dalilin katangar ba. Ya jawo su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure farin a ƙafar tebur ta hagu, mai baƙin wuya a ta dama, ya zuba wa kowanne dusa. Don saƙo ya isa inda ake so, ya ɗauki ragowar igiyar mai baƙin wuya ya zagaya ta jikin akwatin kwamfutar sau biyu ya ƙulle.

Kafin la'asar ƙofar shago ta cika. 'Yan banga biyu suka zo suka ce tun da rana ce kuma ƙofa a buɗe, babu laifi, suka nemi wuri a gaba suka zauna. Hamajoɗa ya sa babbar riga, makulli a samanta.

Othniel ya leƙo ya ga raguna. "Baffa, waɗannan fa?"

"Biyu da biyu nawa ne, Ticha?"

Othniel ya kalli rago, ya kalli akwati da igiya, ya kalli ɗaya ragon. Ya dafa bango. Dariya ta hana shi magana, sai da ya zauna a ƙasa.

"Baffa, don Allah. Ram ɗin da nake nufi ɗan ƙarfe ne, bai wuce tsawon mataji ba. Buɗe akwatin ake yi a soka shi a ciki. Shi ke riƙe wa injin aikin da yake yi."

Hamajoɗa ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Da ya ga na gano sirrin, ya canza magana. Abednego, mene ne ram?"

Abednego ya sosa ƙeya. "Gaskiya rago ne."

"To!"

Adda ta iso, aka ba ta kujera. Ta zauna, ta gyara mayafi, sannan idonta ya sauka ƙarƙashin tebur.

"Joɗa, me ragunana ke yi a nan?"

"Aiki suke, Adda."

Ta kalle shi na ɗan lokaci. Ta ɗaga kujerarta ta matsa da ita waje, can kusa da keken Rhoda. Ta ce, "A fara."

Aka fara. Tun da safe aka kunna don koren layi ya gama tafiyarsa, saboda haka fili na nan, da ciyawa, da 'yan kallo, da gemu. Jama'a suka ce kai, abin ya yi kyau. Hamajoɗa ya kumbura. Alƙalin wasa ya ɗaga usur zai kai baki. Aka jira. Wani tsoho ya tambaya ko hoto ne. Usur ya isa baki, aka yi tafi.

Bayan rabin awa agogon da ke kusurwar allo ya nuna minti uku. Hamajoɗa yana durƙushe yana fifita da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tura wa raguna dusa, yana yi wa akwatin raɗa: "Ga su nan fa. Kin gan su. Manya ne."

Ko ta yaya dai, ƙwallo ta samu kanta a gaban ɗan wasan Haladu, shi da mai tsaron gida kawai. Haladu ya miƙe tsaye yana danna maɓalli da babban yatsa kamar zai huda shi. Ɗan wasa ya ja ƙafa baya. Jama'a suka miƙe. Ƙafar ta tsaya a baya.

"Buga mana!"

"Buga, ɗan nan!"

Ɗan banga ya ce, "Ko a kira shi da sunansa?"

Abednego ya ce, "Tsoron mai tsaron gidana yake ji."

Haladu ya ce, "Mai tsaron gidanka da ya yi tsalle tun ɗazu bai sauko ba?"

Ihun ya yi yawa, dusa kuma ta ƙare. Farin rago ya ɗago kai. Mai baƙin wuya ya ɗago nasa. Wata huɗu ke nan suna jin warin juna ta bayan zana, yau ga su ido da ido, ba komai tsakaninsu sai ƙarƙashin tebur. Kowanne ya fara ja da baya a hankali. Igiyoyi suka miƙe, teburin ya yi ƙara.

Daga waje Adda ta ce wa Rhoda, "Ɗaga ƙafarki."

Suka haɗu. Ƙarar ƙahonin kaɗai ta isa, amma teburin ya tashi sama, allon mai ƙatuwar ƙeya ya wuntsila ya faɗi ƙasa, ya fashe da wata irin ƙara. A shekarar nan kuwa ba a tsayawa tambayar ƙara. Kafin ƙiftawar ido ƙofar shago ta zama wayam. Takalma sun fi ashirin a ƙasa. 'Yan bangan nan biyu su ne a gaba, ɗaya ya tsallake kwata bai ko taɓa bakinta ba. Haladu ya ruga da hannun wasa a hannu, waya na binsa.

Ƙafafun tebur suka karye. Mai baƙin wuya ya samu kansa a sake, ya yi waje, farin na biye da shi. Akwatin kwamfutar da aka ɗaure masa ya bi bayansa, yana tsalle a kan titi, yana zubar da kusoshi. Suka wuce masallaci, suka wuce mai shayi, suka sha kwana wajen famfo.

Mutane suka fara leƙowa daga lunguna. Da aka gane raguna ne, aka dawo neman takalma. Haladu ya tsaya a tsakiyar titi yana haki, ya sa hannu a goshi yana hango ƙurar da akwatin ke tayarwa.

"Injiniya! Fito ka gani! Wallahi ƙarin ram ya yi aiki. Ga injinka can yana gudu!"

Hamajoɗa ya rarrafo daga ƙarƙashin abin da ya rage na tebur, dusa a gemu, mafici a hannu. Ya miƙe, ya kaɗe riga, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kowa shaida ne, saura kaɗan a ci ƙwallo. Laifin masu ihu ne, sun tsorata dabbobi. In aka ba ni mako guda..."

Adda ta taso. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba, ita da Rhoda. Ta miƙa hannu.

"Makulli."

Hamajoɗa ya damƙe shi a ƙirji da hannu biyu. "Adda, wasan bai ƙare ba. Kin ce daga farko har ƙarshe. Ba a busa tashi ba. A doka, wasan da ba a busa tashi ba yana nan. Ba zan bayar ba. Ko gaban mai unguwa za a je, ba zan bayar ba."

"To, riƙe abinka."

Ta kwance bakin zane ta ciro sabon kwaɗo, yana ƙyalli, da 'ya'yan makulli biyu a jiki. Ta zare tsohon daga ƙofa ta ajiye masa a tafin hannu. Sabon ta miƙa wa Rhoda.

"Maman Nancy, a share gilashin nan kafin ki shigar da keke. Kai kuma, Joɗa, ragunana biyu. Kafin magariba."

Hamajoɗa ya kalli sabon kwaɗon. Har da ɗan kwalinsa.

"Adda, yaushe kika sayi wannan?"

"Litinin," in ji ta. "Bayan na ba ka makulli."